Tambaya da Amsa: Fim ɗin tsoro ne ko ɗumamen tuwon jiya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonni sun taru kan abu ɗaya kamar an haɗa baki, wato fina-finan da ake haɗawa da guntayen wani tsohon fim a sa masu sabon suna, musamman na ban tsoro. Na zaɓo huɗu da na ga amsarsu na shiga cikin juna. Sauran masu tambaya kan harkar waƙa su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA, daga wani matashi mai gyaran waya a Tudun Wada, Gusau:

Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni mutum ne mai son tsofaffin fina-finan tsoro irin baƙi da fari ɗin nan, in na tashi shago da dare su nike kallo a YouTube. To shekaranjiya na kalli wani mai suna Track of the Vampire, tun ina kallo nike jin wani abu bai zauna ba, mutumen da anka ce shi ke shan jini in ya rikiɗe sai ka ga wani mutum ne daban fuskar ma ba tashi ba ce, kuma garin wani lokaci tsohon gari ne na duwatsu da lunguna, wani lokaci kuma sai ka ga bakin ruwa da samari masu gemu suna surutu. Ban gama mamaki ba sai waya ta kawo man wani fim ɗin Portrait in Terror, na buɗe wallahi sai ga lungunan nan da mutumen nan har da wuraren da na riga na gani, amma shi labarin ɓarayin zane ne. Malam mi ke faruwa? Wani ya saci na wani ne, ko masu ɗorawa ne sunka haɗa don su cinye muna data?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena. Idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma masu ɗorawa ba su da laifi a nan, haka abin ya fito tun daga gidan da anka tuƙa shi. Abin da ka kalla fim ɗaya ne da anka yi ta ɗumamawa har ya tashi da suna huɗu. Ka san tuwon da ya kwana, da safe a yayyanka shi a tukunya a yayyafa ruwa a ɗora kan wuta, to irin wannan ne, sai dai su duk ɗumamen da za su yi sai sun canza miya sun canza kwano.

Asalin abin a 1963 ne, a ƙasar Yugoslabiya wadda yanzu ta rarrabu, anka ɗauki wani fim mai suna Operation Titian. Wancan tsohon garin na duwatsu da ka gani Dubrovnik ne, yana bakin teku, yau yana cikin ƙasar Kuroshiya. Ba fim ɗin tsoro ba ne ko kaɗan, labarin sata ne da fasa-ƙwaurin wani tsohon zane mai tsada. Wani furodusa Ba'amurke, Roger Corman, shi ya zuba kuɗi a ciki da niyyar in an gama ya kai shi kasuwar Amurka, shi ya sa anka sa 'yan wasa masu jin Turanci, William Campbell da Patrick Magee, har ya tura wani yaronshi ya sa ido kan aikin, yaron nan kuwa shi ne Francis Ford Coppola wanda daga baya duniya ta san shi da The Godfather a 1972. Da fim ya iso hannun Corman ya duba ya ga wannan ba zai kawo kuɗi a sinima ba, sai anka datse shi anka yi mashi kwaskwarima anka sa mashi Portrait in Terror anka tura gidajen talabijin. Wannan shi ne na biyun da ka buɗe.

To Corman mutum ne da ba ya yarda kwabo ya faɗi ƙasa bai duƙa ya ɗauka ba. A 1964 ya kira wani matashin darakta Jack Hill ya ce ka tsinci abin da za ka iya tsinta a cikin fim ɗin nan, ka ɗauki sababbin fitowa ka cike, a maida shi na tsoro. Hill ya je Venice, ba ta Italiya ba, wata unguwa ce ta bakin teku a Kalifoniya, ya kira Campbell ya dawo, amma wannan karon a matsayin wani mai zane da ya samu taɓin hankali, yana kashe matan da yake zanawa ya tsoma gawarsu cikin narkakken kaki irin na kyandir. Samarin nan masu gemu da ka gani suna surutu aikin Hill ne. Ya kai aiki, mai gida ya ce har yanzu da saura, anka ajiye fim. Daga baya ya miƙa ma wata mata, Stephanie Rothman, ita ce ta maida mai zanen ya zama mai shan jini. A nan fa ka lura, mai shan jininsu ba maye ba ne irin namu mai kama kurwa, nasu gawa ce da ba ta kwanta ba, tana fita da dare ta kama wuya. Matsalar da Rothman ta samu ita ce Campbell bai dawo ba a wannan zagayen, ga labari na buƙatar a gan shi yana farauta da dare, ga shi babu shi. Sai anka nemo wani ɗan wasa daban anka sa mashi baƙaƙen kaya da hula, anka ce ai in abin ya motsa mashi kamanninshi gaba ɗaya ke canzawa. Abin da ya tsaya maka a rai kenan, kuma ya kamata ya tsaya, don ba dabarar labari ba ce tun farko, faci ne anka yi ma rami.

Wannan shi ya fita sinima a 1966 da sunan Blood Bath, da sunan daraktoci biyu a jiki, tsawonshi awa ɗaya da 'yan mintoci. Da za a sayar ma talabijin sai anka ga ya yi gajere, anka ƙara mashi tsawo da abin da ya samu, wata doguwar tsere inda ake bin wata mata, da wata mata da ke ta rawa ita kaɗai a bakin teku mintoci da dama ba tare da labari ya gusa ko taku ɗaya ba, anka kuma maido wasu guntaye daga na Yugoslabiya. Shi ne Track of the Vampire ɗinka. A 2016 wani kamfanin Ingila mai suna Arrow ya tattara duka huɗun ya fitar da su tare don masu son su zauna su ga inda anka ɗinke.

Mi ya sa suke haka? Kasuwa. A wancan zamanin a Amurka tikiti ɗaya fim biyu ake nuna maka, kuma akwai irin sinimar nan ta fili da matasa ke shiga da motocinsu su kalla daga ciki, masu sinima kullum suna neman fim na biyu mai arha da zai cike dare. Kamfanin da ke rarraba su, American International Pictures, an san shi da fara ƙirƙiro suna da fosta tukuna, in sun ga za su ja mutane sannan a nemo fim ɗin da za a sa a bayan fostar. Kai, fim ɗin da anka haɗa Blood Bath da shi a tikiti ɗaya ma, Queen of Blood, shi ma ɗumame ne, jiragen sama jannati da duniyoyin da ke ciki daga fina-finan Tarayyar Sobiyet Corman ya sayo su, don Rashawa sun kashe kuɗin gwamnati sun gina abin da shi ba zai iya ginawa ba, shi kuma ya ɗauki 'yan wasan Amurka cikin ɗaki ya jona. Corman ya rasu a 2024 yana da shekara 98, ya bar ɗaruruwan fina-finai da almajirai da yawa da sunka zama manya.

Amma abin da na fi so ka riƙe ba tarihin ba ne, yadda abin ke yiwuwa ne tun farko. Ya za a yi hoton da anka ɗauka don labarin ɓarayi ya koma ya ba mutum tsoro? Tun wajen shekara ɗari da sunka wuce wani Barashe, Lev Kuleshov, ya gwada wani abu. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba fara'a ba fushi, ya jona ta da kwanon miya, mutane sunka ce yunwa yake ji, ya jona ta da akwatin gawa sunka ce dubi baƙin ciki, ya jona ta da wata mata sunka ce so ne, alhali fuska ɗaya ce ba ta motsa ba. Ni na ga wannan da idona a wani ɗan ɗaki nan Gusau inda wani yaro ke tace bidiyon biki da kwamfutar da fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe. Yana da hoton wata yarinya da ta waiwaya don an kira sunanta a wurin kamu, waiwaya ce kawai ta yarinta. Yana kuma da hoton bakin wata tsohuwar rijiya da ya ɗauka wani lokaci daban da magariba. Ya jona su, rijiya tukuna sannan waiwayar, ya cire kiɗan biki ya bar shiru da ƙarar iska, wallahi ni da na san daga inda kowane ya fito sai da tsigar jikina ta tashi. Yarinyar ba ta taɓa ganin rijiyar nan ba. Tsoron a wurin jonin ya samu, kuma kan mai kallo ne ya ƙarasa aikin. To haka lungunan Dubrovnik sunka yi, dare ne da inuwa da hasumiyar ƙararrawa, in ka sa ɓarawo a gabansu na ɓarayi ne, in ka sa mai baƙar hula sun zama gidan fatalwa.

Maganar sata kuwa, babu ita a nan, Corman kayanshi ne, shi ya biya. Inda nike ganin an shiga haƙƙin mai kallo shi ne ƙarin tsawon nan na talabijin, don rawar bakin tekun nan ba don kai anka sa ta ba, don agogo ya cika ne. Ka sake kallon Blood Bath na ainihi gajeren, za ka ga duk da haɗin gambizar da ke ciki akwai wurare biyu uku da sunka yi kyau ƙwarai, musamman ƙarshe inda gawarwakin da ke cikin kaki ke motsawa.

TAMBAYA, daga wata uwargida mai ɗinki a Birnin Kebbi:

Malam ina wuni. Ni dai ƙorafi gare ni. Na aiki yaro shagon turi ya turo man kashi na biyu na wani fim ɗin aljanu da na kalli na ɗaya ya yi man daɗi, na zauna na aje ɗinki, sai na ga rabin fim ɗin duk tuna baya ne, wata na zaune tana ba da labari ana sake nuna abin da na riga na kalla. Sabon abu bai fi minti ashirin ba sai anka rubuta mu haɗu a na uku. Wannan ba cuta ba ce? Kuma mu kaɗai ake ma haka?

AMSA:

Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Cuta ce, ba zan ɓoye maki ba, kuma ta fi ta mai tambayar farko muni, don shi an ba shi abin da bai taɓa gani ba ko da tsoho ne, ke kuwa abin da kika riga kika biya anka sake sayar maki. Tuna baya na da amfaninshi, minti biyu ko uku a tuna ma mutum inda anka tsaya, ko a nuna tsohon abu ta wata fuska da za ta canza fahimtarki. In ya wuce haka to furodusa ne ke son kuɗin fim biyu da jarin fim ɗaya da kwata.

Ba mu kaɗai ba ne. Wanda ya fi yin suna a wannan ɗabi'a wani fim ɗin tsoro ne na Amurka, Silent Night, Deadly Night, na farko ya fito 1984, na biyu 1987. Masu kuɗin ba su so kashe komai ba, so sunka yi a sake yanka na farkon a ce sabo ne, daraktan da dama aikinshi tace hoto ne ya matsa sai da anka bar shi ya ɗauki wasu sababbin fitowa cikin 'yan kwanaki. Sakamakon shi ne kusan minti 40 na fim ɗin da bai kai awa ɗaya da rabi ba tsohon ne, ƙanen mai kisan na zaune gaban likitan ƙwaƙwalwa yana ba da labari, har abin da ya faru yana jinjiri cikin zanen goyo yana tunawa dalla-dalla. Kin ga dabarar ɗaya ce da ta fim ɗinki, a zaunar da mutum ɗaya a kujera a ce ya tuna.

Shawara ta kusa, ki ce ma yaron kafin ya biya ya sa mai shagon ya ɗan jajja fim ɗin gaba a kwamfuta, in hotunan na ɗaya ne ke ta wucewa ya bar shi. Kuma ki faɗa ma mai shagon da bakinki, su ne ke gaya ma 'yan kasuwa abin da mutane sunka daina karɓa.

TAMBAYA, daga wani dattijo tsohon direba a Yauri:

Ɗana, jikana ya rubuta man wannan. Zamanin da muna zuwa gidan bidiyo akwai fina-finan ninja da za ka ga Turawa sanye da ja da rawaya suna faɗa a wani fili, sannan a koma wani labari na 'yan Sin wanda bai haɗu da su ba har a tashi. Mun sha gardama a tasha kan wannan. Su ma irin wannan haɗin ne?

AMSA:

Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, wanda ya ce haɗi ne a tashar nan shi ya ci gardama. A shekarun 1980 akwai wani darakta a Hong Kong, Godfrey Ho, da kamfanin IFD na Joseph Lai. Suna sayen fina-finai masu arha daga Taiwan, Tailan, Filifin da Koriya, waɗanda ba su yi kasuwa ba ko ba a ma gama su ba, sai su ɗauki Turawa 'yan kaɗan su sa masu kayan ninja masu launi su ɗauki faɗa na 'yan mintoci, su yayyanka su barbaɗa cikin wancan fim ɗin, sannan su sake ɗora murya gaba ɗaya don maganganun su yi kamar labari ɗaya ne. Wani ɗan wasa Ba'amurke, Richard Harrison, ya yi masu aikin fina-finai kaɗan, daga baya ya tarar da fuskarshi cikin fina-finai masu yawa da bai san da su ba, kuma ya fito ya yi kuka cewa abin ya ɓata mashi suna.

Yadda za ku gane, Baba, ku lura ba a taɓa ganin Baturen da ɗan Sin ɗin cikin hoto ɗaya kafaɗa da kafaɗa ba. Kullum ta tarho suke magana, ko ɗaya ya leƙo daga bayan itace a nuna ɗayan a wani wuri mai hasken rana daban, in kuma dole sai sun haɗu to ƙeyar mutum za a nuna maku. Haka Amurkawa sunka yi ma Godzilla na Japan na 1954, sunka jona ɗan wasansu Raymond Burr a ciki a 1956 yana magana da ƙeyar wasu da anka sa ma kaya irin na 'yan wasan asali. A gaida mutanen bakin ruwa.

TAMBAYA, daga wani shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a Kaura Namoda:

Malam barka da aiki. Mu tara ne muna da ƙungiya, muna so mu yi fim ɗin tsoro da waya mu ɗora YouTube amma ba mu da kuɗin yin siddabarun kwamfuta. Shawarar da munka yanke ita ce mu yanko wurin fitowar aljani daga wani fim ɗin Indiya da na kudu mu jona da namu. Sannan akwai bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp na garuruwan da anka ƙone da gawarwaki, wani cikinmu yace mu sa su a wurin da aljanin ya yi ɓarna tunda na gaske ne za su fi tada hankali kuma kyauta ne. Mi ka gani?

AMSA:

Ƙanena na ji daɗin saƙonka don ka tambaya kafin ku aikata, kuma ina so ƙungiyar nan taku ta yi nisa. Abu biyu ka kawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko, yanko aljanin wasu. Duk mutanen da na ambata a sama da ke ɗumame saye sunka yi, da takarda. Ku in kun yanko ba izini kun ɗauki guminsu ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 wadda anka sa ma hannu a 2023 ta hana, akwai hukuma ta tarayya da ke kula da wannan. Tun kafin a kai ga hukuma ma, YouTube na da na'urar da ke gane hoto da sautin da masu shi sunka yi ma rajista, manyan kamfanonin Indiya kuwa ba su wasa da wannan, ko a toshe bidiyon ko kuɗin talla ya tafi aljihunsu, in abin ya maimaitu a rufe tashar da kunka sha wahalar ginawa. Ko ba don wannan ba, aljanin da anka ɗauka da kyamarar miliyoyi in kun jona shi da hoton wayarku kowa zai ga ɗinkin, kamar a yi ma shadda faci da atamfa, dariya za a yi a wurin da kuke son a firgita.

In dai ɗumamen kuke so, ku ɗumama naku. Tsofaffin wasanninku da ke cikin mimori, bidiyon damina da wani cikinku ya ɗauka, ko ku je wurin wata ƙungiya da ta fara fim ta kasa gamawa ku yi ciniki a rubuce da shaidu. Kuma ku koyi darasi daga wani darakta Ba'amurke, Peter Bogdanovich. Shi ma Corman ne ya ba shi sharaɗi, yace ina bin tsohon ɗan wasan tsoro Boris Karloff bashin aikin kwana biyu, ka yi amfani da kwana biyun nan, ka kuma sa guntayen tsohon fim ɗinmu The Terror na 1963. Maimakon ya ɓoye ɗinki, sai ya sa Karloff ya fito a tsohon ɗan wasan da ya gaji da harkar, tsohon fim ɗin kuma ya zama fim ɗin da ake nunawa a sinima cikin labarin, kowa ya san tsoho ne. Fim ɗin Targets kenan na 1968, kuma har yau ana karanta shi a makarantun fim.

Na biyu kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ku taɓa bidiyoyin nan. Wanda ke kwance cikin hoton nan uban wani ne, ɗiyar wata ce, kuma danginsu ba a wata duniya suke ba, suna nan Kaura, suna Gusau, suna Anka da Maradun da Zurmi, wasu na kwana a kangon makaranta, kuma suna da waya kamar yadda kuke da ita. Ka ƙaddara wata uwa ta buɗe fim ɗinku don ta ɗan manta damuwa ta ga rigar ɗanta da ta sani, an sa kiɗan tsoro a kai an ce aljani ne ya kashe shi. Ba kyauta ba ne bidiyon nan, an biya shi da abin da ba mu iya biya. Addininmu ya ce a suturta mamaci a gaggauta kai shi makwancinshi, ku tambayi duk malamin da kunka yarda da shi a garin. An taɓa yin irin wannan a manyan fina-finai, Bruce Lee ya rasu a 1973 bai gama Game of Death ba, anka ƙarasa shi a 1978 da masu kama da shi da kamar minti 11 na ainihin faɗanshi, sannan anka sa hoton jana'izarshi ta gaskiya har da fuskarshi cikin akwati a matsayin wani yanki na labari. Shekara sama da arba'in kenan masoyanshi ba su daina jin zafin wannan ba. YouTube ma kan cire irin waɗannan hotuna, amma ni ba don YouTube nike hana ku ba.

Abin da kuke nema kuna da shi a gida. Aljani ba sai an gan shi ba, ka tuna tatsuniyar da kakarka ke yi maku a tsakar gida, ba ta taɓa nuna maku Dodo ba amma ba mai iya zuwa bayan ɗaki shi kaɗai bayan ta gama. Ku nemi kango ɗaya cikin gari da izinin mai shi da sanin mai unguwa, kada ku fita daji ɗaukar fim a halin da ake ciki. Ku jira hazon hunturu, ku ɗauka tsakanin la'asar sakaliya da magariba lokacin da waya ke iya gani amma inuwa ta yi tsawo. Fitilar aci-bal-bal ɗaya ko tocila mai raunin batir ta fi maku kowane siddabaru. Kuɗin da kuke da shi ku sa a sauti, ku sayi ɗan makirfon mai maƙalawa a riga, ku bi dare ku naɗi ƙarar ƙyauren langa-langa, kukan mujiya, guga na bugun bangon rijiya, da sautin daka a turmi, sai ku sa dakan nan ƙarfe biyun dare a gidan da labari ya riga ya nuna ba kowa a ciki. Sannan ku nuna fuskar mai saurare, ku daɗe a kanta fiye da yadda ranku ke so.

Ku fara da fitowa ɗaya tak, ta minti biyar, mutum ɗaya da turmin nan. In kun haɗa ku aiko ta ofishin mujalla in kalla, ku kuma rubuto man da wace waya kunka ɗauka da manhajar da kuke tacewa da ita don in san irin gyaran da zan ce ku yi.